Aiken da ladansa ba ya ƙarewa a Old School RuneScape

Kafin in karɓi kowane aike (quest) a wasan intanet na Old School RuneScape, abin da nake dubawa shi ne ko ladansa zai ci gaba da yi min amfani bayan na yi nisa. Kuɗi ƙarewa suke yi, maki kuma daraja suke rasawa. Aiken Waterfall Quest na ba da maki 13,750 a ƙwarewar Attack (kai hari) da wasu 13,750 a Strength (ƙarfi), ya ɗaga mutum daga mataki na 1 zuwa na 30 a zama ɗaya. Ina yin sa da wuri, amma mataki na 99 sai da maki sama da miliyan 13, ka ga nan gaba ko ɗuriyarsa ba za a ji ba.

Aiken da ke buɗe hanya shi nake ba muhimmanci. Lost City yana neman mataki na 31 a Crafting (sana'ar hannu) da na 36 a Woodcutting (saran itace), daga shi ake samun sandar dramen. A tsibirin Entrana itacen da ake yin sandar da reshensa yake, kuma ba a shiga da makami ko sulke, don haka nakan saro rassa da yawa lokaci guda, kada sanda ta ɓata a sake wannan wahalar. Da sandar a hannu, in an gama Fairytale I an soma Fairytale II har Fairy Godfather ya ba da izini, zobban tafiya (fairy rings), masu kai mutum wurare daban-daban nan take, sun buɗe ke nan. Ba sai an kammala Fairytale II ba, mutane da yawa suna jinkiri a banza. Haruffa uku ka juya a zoben, ka sauka can wani gefen taswira, kullum, kyauta.

Haka Animal Magnetism: na'urar Ava da ake samu daga shi, mai aiki da maganaɗisu, tana tsinto maka yawancin kiban da ka harba. Sai dai in ka sa sulken ƙarfe a ƙirji, maganaɗisun ya daina aiki, kibau su zube a ƙasa.

Dawwamar nan tana da wani gefe. Maki ba sa gogewa. Dragon Slayer I yana zuba maki 18,650 a Defence (kariya), ko kana so ko ba ka so, don haka mai son ya bar Defence ɗinsa a mataki na 1 saboda faɗa da 'yan wasa, in ya gama wannan aiken asusun ya tashi daga yadda ya tsara shi. Shi ya sa nake karanta jerin lada kafin in yi magana da mai ba da aiken.