Ƙurajen Baba ba na fata kaɗai ba ne

Jama'a, ku sa Baba cikin addu'a. Ƙuraje suka feso masa a ƙafafu, ɗigo-ɗigo ja mai duhu, ko an danna ba sa gushewa. Nan Maraɗi kowa cewa yake borin jini ne, ko wani magani ne bai karɓe shi ba. Ga zazzaɓi, ga zufar dare, ga kaluluwa a wuya da hammata, yana ta ramewa.

Sai da aka yanki ɗan naman kaluluwar aka auna a Yamai, likita ya ce dajin kaluluwa ne, irin wanda ba a cika gani ba. Shi ke rikita garkuwar jiki har ƙananan jijiyoyin jini na fata su kumbura, jini ya riƙa tsattsafowa ƙarƙashinta. Abin da ke min ciwo, watannin da suka tafi a shafe-shafen man ƙaiƙayi.

Ya fara karɓar magani. Allah ya ba shi lafiya.