Hayar da ta haɗa da wuta da ruwa

Tunda aiki ya kai ni Kachia na kama ɗaki da falo, hankalina ya kwanta. Mai gidan, wani dattijo, ya haɗa kuɗin wuta da ruwa da kwashe shara a cikin hayar shekara. Da tsada kam, amma duk wanda ya zauna gidan haya a Tudun Wada ko Rigasa ya san rigimar ƙarshen wata: mita ɗaya, ɗaki goma, wannan ya ce ba shi da firji, waccan ta rantse ba ta guga, har maƙwabta su daina gaisawa. Abin yana ci mini rai sosai a da.

Nan kuwa ana kawo wuta Baba zai kunna injin burtsatse ya cika tanki, in an daɗe babu ya ta da janareto da man aljihunsa. Sharaɗinsa ɗaya, yana cikin takardar yarjejeniya: ban da hita da rishon lantarki. Dama da gas nake girki.

Jiya masu yankan wuta suka shigo layinmu da tsani. Baba ne ya fita musu da rasit a hannu, suka duba suka wuce gida na gaba. Allah ya saka masa da alheri.