Jitar da muka saya da sanyin Janairu

Ɗan yayata ya tara naira dubu 80 cikin wata bakwai, yana tsaron wani shagon cajin waya a Bauchi Road bayan ya taso daga makaranta. Ranar da kuɗin suka cika sai ga shi a ɗakina da sassafe, ko karyawa ban yi ba, ya zube su a kan tabarma ya ce, "Kawu, jita nake so, kuma kai za ka raka ni." Uwarsa ba ta sani ba a lokacin. Da labari ya kai mata kuwa, abin da ta fara cewa shi ne, "Wato maroƙi za ka mayar min da ɗa." Maganar da Hajiyarmu ta yi min ke nan shekara goma sha biyu da suka wuce, don haka ko a jikina.

Na yarda na raka shi ne don kada ya sha irin wuyar da na sha. Tawa ta farko a 2013 na saye ta, naira dubu 7, ja wur, tana sheƙi kamar sabuwar mota. Ashe kyan ɗan maciji ne. Tsirkiyoyinta sun yi nisa da wuyan, har ƙaramin yatsana yana kusan shigewa tsakani. Wata uku ina dannawa yatsuna suna tsagewa, duk wanda na kai wa kuka sai ya ce daurewa ake yi. Wani dare cikin Disamba, tana jingine a bango babu wanda ya taɓa ta, katakon nan da ke riƙe da tsirkiyoyi a kan cikinta, wanda masu gyara ke kira birij, ya ɓalle, tau! Duk ɗan Jos ya san irin wannan ƙara da tsakar dare ba abin wasa ba ce. Hajiya ta fito tana salati, mahaifinmu ya kashe fitila ya ce kowa ya kwanta a ƙasa. Sai da gari ya waye na samu ƙarfin halin faɗa musu gaskiya.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Tsirkiyoyin ƙarfe shida idan an saita su suna jan jita da nauyin da ya kai kilo 70, kusan buhun siminti ɗaya da rabi ke nan, dare da rana ba hutu. Katako mara ƙwari da gam mara kyau ba sa jure wannan, balle hunturu ya zo ya ƙara busar da su.

Muka fara da shagunan da ke wajen Terminus. A na farko jitoci ne rataye kala-kala, shuɗi, baƙi, ruwan zuma. Jitoci na ce, don idan na ce jita-jita sai a ce ita na zo yaɗawa. Idon yaron ya kafe a kan wata shuɗiya mai Yamaha rubuce a kanta. Nawa? Dubu 55. Na tambayi mai shagon ko gangariya ce, ya yi dariya ya ce, "Malam, kwafi ce, amma giredi wan." Na ji daɗin gaskiyarsa, domin wani rantsuwa zai yi maka. A shago na uku muka ga ta ainihin, Yamaha F310, irin wadda ake ƙerawa a Indonesiya, a cikin kwalinta, aka ce mana dubu 215. Yaro ya dube ni, na dubi silin.

Ba laifin mai shago ba ne. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kayan nan jirgin ruwa ke kawo su Legas, su bi ta kasuwar Alaba, su hau mota zuwa Jos, kowane hannu da nasa rabon. Lissafi kaɗai ya isa ya tona asirin shuɗiyar nan: a lokacin dubu 55 dala talatin da 'yan kai ce, kuma babu inda ake sayar da sabuwar Yamaha a haka. Leƙa cikin ramin ma za ka gani. Ta ainihin tana da takarda manne a ciki da lambar ƙira, aikin a tsaftace. Ta jabun kuwa gam ne ya zuba ya daskare ko'ina kamar an yi ɓarin koko.

Amma jabun suna ba shi ne ya hana ni sayenta ba. Wanda ke da dubu 80 bai kamata ya tsaya neman suna ba tun farko. Wuya nake nema. Na karɓi jitar na ɗaga ta, na sa ido daga kai ina hango gindinta, yadda kafinta ke duba katako a kasuwar Katako. Wuyan ya lanƙwasa kamar baka. Sai na ciro katunan ATM daga aljihu. Kaurin kowane kati milimita 0.76 ne. A wajen ƙarfe na 12 cikin ƙarafunan nan da ke gicciye a wuya, waɗanda muke kira firet, idan ka haɗa kati uku ka zura su tsakanin firet ɗin da tsirkiya mafi kauri suka shiga suna ɗan gogawa, to jitar za ta yi laushi a hannu. Huɗu ma ba laifi. Na haɗa nawa uku da na yaron biyu, biyar ke nan, suka shige fes, har da sauran wuri. Na leƙa ta ramin wajen gindin wuya, na duba can sama wajen kunnuwan da ake murɗawa a saita tsirkiya, ina neman kan ƙarfen da ake sakawa cikin wuya don a riƙa miƙar da shi da alanki. Babu. Irin tawa ta 2013 ce sak, launi kawai aka canza.

"Kawu, amma fa tana da kyau," in ji shi.

Na ce masa ya danna tsirkiyoyi uku a tare ya riƙe ina ƙirga ashirin. A goma sha ɗaya ya saki yana yarfe hannu.

A hanya ya nuna min wasu a wayarsa, a Jiji da Facebook, masu araha sosai, wai a Abuja suke za a sako a mota. Na ce masa cinikin biri a sama ke nan. Hoto ba ya nuna lanƙwasar wuya, kuma duk wanda ya ce sai ka tura kafin alƙalami kafin ka ga kaya, ka yi masa fatan alheri ka wuce. Ya kawo zancen mai amfani da lantarki, irin su Squier da Epiphone, waɗanda su ne ƙannen Fender da Gibson masu sauƙin kuɗi. Nan ma ban daɗe ba. Sai ka sayi amfilifaya, ka sayi waya, sannan ka zauna jiran a kawo wuta.

Inda nake nufin kai shi tun asali shi ne wurin wani dattijo a Tudun Wada, wanda ya yi shekaru yana kaɗa jita a coci yana kuma gyara kayan kiɗan majami'u. Shi ya koya min yawancin abin da na sani. A garin nan jitocin hannu masu kyau a wajen 'yan kwaya suke, kuma Janairu ne lokacinsu. An gama Kirsimeti, an ci an sha, ga kuɗin makaranta ya taso, sai ka ga mutum ya ɗauko abin da yake so ya kai kasuwa. Muka gaisa, na ce, "Baba, ɗana ne, dubu 80 ce da shi." Ya dubi yaron ya ce, "Ka ware dubu 25 a gefe tukuna, ka manta da ita. Sauran shi ne kuɗin jitarka." Ya aika aka kira wani saurayi, ya zo da wata tsohuwa a cikin buhun shinkafa.

Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Fentin ya goge a inda hannu ke sauka, sunan da ke kanta ya shafe, kunne ɗaya ya lanƙwashe, ga tabo a gefe kamar an buga ta da ƙofa. Fuskar yaron ta canza. Baba bai ce masa komai ba, ya miƙo min ita. Wuya a miƙe. Kati huɗu suna shiga da ƙyar. Ƙarfen cikin wuya yana nan, Baba ya sa alanki ya ɗan murɗa ya ga yana juyawa, bai ci tsatsa ba. Na yago takarda na gwada zura ta ƙarƙashin birij ta baya, ta ƙi shiga, alamar gam ɗin bai saki ba. Abin da ya fi faranta min rai shi ne farin ƙashin nan da tsirkiyoyi ke hawa a kan birij, yana da sauran tsawo. Wannan wurin mutane da yawa ba sa lura da shi. Idan tsirkiya ta yi nisa amma ƙashin yana da tsawo, magani na nan, a cire shi a goge gindinsa da sanfefa. Idan kuwa ƙashin ya riga ya kwanta ƙasa kuma tsirkiyar tana sama, to wuyan ne ya tashi daga gindi, kuɗin gyaransa sai ya fi kuɗin jitar. Na buɗe manhajar saita sauti a waya, na kaɗa kowace tsirkiya a sake, na kuma danna ta a firet na 12. Dole allurar ta nuna sauti iri ɗaya a duka biyun. Biyar suka yi daidai, ta shida ta ɗan zarce, Baba ya ce tsufan tsirkiya ne.

Saurayin ya ce dubu 65. Na taya 35, ya ce albarka. Na nuna masa kunnen, ya nuna min wuyan, don shi ma ya san abin da yake riƙe da shi. Muka yi ta ja har Baba ya gaji ya ce, "Ku bari haka, 47." Ya sallama.

Yaron dai har lokacin ransa na kan shuɗiyar. Baba ya tambaye shi ko ya san da me marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya. Da kuntigi, gwangwanin kifi da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak. Ni kuma na ƙara masa da cewa kada ya ɗauka hujjar sayen kowane tarkace ce wannan, domin gwangwanin nan hannun da ya san aiki ne ya ɗaure shi.

Na tambayi Baba ko fuskar jitar katako ne falle ɗaya ko filawud. Ya ce filawud ce, kuma in gode wa Allah. A nan ne na saba da abin da ake yawan faɗa, wai mai falle ɗaya ita ce jita. Gaskiya ne ta fi zaƙin murya. Amma masu ƙera ta suna so ta zauna a inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a kan tsaunin nan mai tsayin mita 1,200, hunturu kan sauke danshin ƙasa da kashi 20, sannan Yuli da Agusta su zo da ruwa ba ƙaƙƙautawa. Katako yana tsukewa yana kumbura. Falle ɗaya yakan tsage, filawud kuwa da yake an haɗa shi ne gicciye da juna, ya fi haƙuri. Na ga mai tsada da aka kawo daga Legas ta dare gida biyu a hunturunta na farko, tana nan rataye a shagon Baba tana jiran mai ita ya samu kuɗi. Shi ya sa ma na fi son sayen ta hannu a wannan lokaci. Wadda ta sha sanyin Jos shekara da shekaru ba ta da sauran abin ɓoyewa. Shafa gefen wuyan kawai, idan bakin firet yana kartar hannu ka san katakon ya tsuke.

Kwana biyu ta yi a wurinsa. Ya goge ƙashin, ya murɗa ƙarfen wuya kwata, ya canza kunnen, ya sa sababbin tsirkiyoyi masu laushi, waɗanda ake kira lamba 10, maimakon lamba 12 da aka fi sakawa. Ya ce kada a sauke tsirkiyoyin ƙasa can, a bar musu ɗan wuri, kuma idan damina ta kama fuskar za ta ɗan kumbura tsirkiya ta tashi, sai a dawo da ita. Ya gargaɗi yaron a kan tsirkiya ma, don hatta masu sunan D'Addario akwai jabunsu birjik, sati biyu su yi tsatsa. Da yaron ya tambaya ko da ya sayi mai tsirkiyar roba, irin su Yamaha C40, tunda ba ta cin yatsa, Baba ya ce wannan wata murya ce daban, wuyanta ma ya fi faɗi, milimita 52 a kan 43. Mai son ta ya saya don muryarta. Kada dai wani ya ruɗe shi ya sa mata tsirkiyar ƙarfe, ba a gina ta don wannan nauyin ba.

Ga yadda kuɗin suka tafi: jita dubu 47, la'adar Baba dubu 2, aikinsa dubu 7, tsirkiya dubu 6, kunne dubu 3, jakar hannu mai ɗan soso dubu 8. Keke da masar da muka ci suka ɗauki dubu 3. Dubu 4 ta rage, na ce ya ajiye don tsirkiyar farko, siririyar, ita ke fara tsinkewa a hannun ɗan koyo.

Yanzu kati uku ne ke shiga, da ɗan gogawa. Yana zuwa zaurena bayan magariba, ya riga ya kama riƙo uku, wato yadda ake danna tsirkiyoyi a tare su ba da sauti, na huɗun ne yake ba shi wahala. Na hana shi jingina ta kusa da kaskon gawayi ko barin ta a rana, na kuma ce ya samu soso ya jiƙa ya matse shi sosai, ya sa a cikin gidan sabulu mai huji, ya ajiye a jakar har sanyi ya wuce. Shekaranjiya yayata ta kira ni. Na ɗauka zancen roƙo za a sake tayarwa, har na gyara zama. Sai ta ce, "Kai, ka ce wa ɗan nan naka ya dawo min da gidan sabuluna."