Ku fara da abin da tsoho yake marmari

Kowane gidan Bahaushe a Sudan akwai hanya a bayansa. Wasu kakanninsu sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da har yau yake amsa sunansa a bakin Nilu kusa da Sinnar. Wasu daga baya suka taso da niyyar sauke farali, guzuri ya ƙare a tsakiyar tafiya, suka tsaya neman kuɗin jirgin ruwa a gonakin audugar Jazira, waɗanda suka kankama bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Tsayawar damina ɗaya ta zama zaman dindindin. Wannan babban tarihin yana nan a rubuce, duk wanda ya nema zai samu. Amma hanyar gidanku, wa ya taso, daga wane ƙauye, wa aka bari a gida, wa aka binne a hanya, babu ta a takarda. Tana bakin dattijon nan da ke kishingiɗe a kan angarib, gadon igiya, a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, wanda kuke gaisarwa da safe ku wuce harkokinku.

Ni ɗan fari ne, a Madani aka haife ni, kuma da ku nake magana, ƙannena da 'ya'yanmu waɗanda Allah ya bar muku iyayenku da rai. Mahaifina ya rasu kafin yaƙin nan na Sudan ya ɓarke a 2023. Na yi masa hidima gwargwadon hali: magani, sutura, har kujerar Makka muka haɗa kuɗi ni da ƙannena muka biya masa. Amma na rabu da shi ban san shi ba. Uba na sani, wanda ake durƙusa wa. Yaron da ya ratso Chadi a ƙafa bayan jaki kuwa, ban taɓa zama da shi ba.

A wajen abinci na fara ɓata lamarin. Baba ya ci kisra da miyar busasshiyar kuɓewa tsawon rayuwarsa, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Amma duk baƙon da ya sauka daga Najeriya, da an gama gaisuwa da tambayar mutanen gida, sai ya sassauta murya ya ce, "Ko ka taho da 'yar daddawa?" Ta kalwa yake nufi. Inna kan sa kawal a miya, wanda ake yi da ganyen tafasa, ya ci ya yi hamdala, amma ba shi ne abin da ransa ke so ba. In ya samu daddawar, ba ya bari ta shiga madafa. A cikin wani tsohon gwangwanin madara yake ajiye ta ƙarƙashin gadonsa, ya gutsuro kaɗan da farcensa ya miƙa wa Inna, ya ce yau a yi tuwon dawa miyar kuka. Mu kuwa da muka tashi da ful da ta'amiyya, warin ne kawai ke damunmu. Ni musamman, in abokan aikina za su zo gidan, kunya nake ji. Wata rana na sa aka fitar da gwangwanin zuwa bayan ɗaki. Bai ce mini uffan ba.

Sai bayan rasuwarsa autarmu ta gaya mini abin da ke faruwa a daren da aka yi wannan miya, daren da ni kan fita in ci a waje. Ta ce da ya wanke hannu ya yi loma biyu, sai bakinsa ya buɗe. Ashe mahaifiyarsa sana'ar daddawa take yi. Da buhun kalwa ta baro gida, da shi ta ciyar da su a zangon Fot Lami, garin da aka mayar wa suna Njamena a 1973. A Abeshe zazzaɓi ya kama ta cikin hunturu, aka binne ta a bayan zangon alhazai, washegari ayari ya tashi, shi yana ɗan kimanin shekara goma. Wannan kakata ce, kuma abin da na sani game da ita ke nan, shi ma guntu-guntu daga bakin wadda take ƙarama a lokacin da ta ji. Abin da tsoho yake marmari, ƙofa ce ta ɗakin da ya adana rayuwarsa. In kun ga mahaifinku ya nace a kan wani abinci, ko wani turare, ko wata tsohuwar hula da ta koɗe, kada ku ce rigimar tsufa ce. Ku nemo masa, ku zauna a ci tare, ku tambaye shi a wurin wa ya fara sanin abin.

Da hawan jini ya same shi kuma, sai na zama ɗan sanda a gidan. Likita cewa ya yi a rage, ni na mayar da shi a daina. Na hana jabana, wato gahawa, na hana goro, na hana agashen da yakan aika yaro ya sayo masa da yamma. Niyyata alheri ce, amma ban lura cewa jabanar safe ita ce take tara masa tsaransa ba. Dattawa uku ko huɗu kan zo su zauna, ana soya bunnu ana daka citta, suna hirar kambo, wato matsugunin leburorin gona, da kakar cirar auduga da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Da na ɗauke tukunyar, majalisar ta watse a hankali, ya koma yini shi kaɗai. Ku koma wurin likita ku tambaye shi dalla-dalla nawa aka yarda a sha, sau nawa a mako za a iya cin nama. Yawanci akwai sarari, mu 'ya'ya ne muke toshe shi saboda tsoro.

Haka na yi da rediyonsa. Na sayo masa talabijin da dish, ya sa mini albarka, kwana kaɗan ya koma wa 'yar akwatinsa mai eriya ɗaure da zare. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, Baba kuma tun yana saurayi yake bin sa. Ni na ɗauka labaran duniya yake saurare. Amma da na natsu da na gane, domin in aka ambaci ambaliya a ƙasar Haɗeja sai ya tashi zaune ya manna rediyon a kunne. Sunayen garuruwa yake jira. Ina ganin haka, ban taɓa cewa, "Baba, wane gari kake sauraro?" ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyaran da nake yi masa. Tsofaffinmu ba da lamba suke ƙirga shekara ba, da abin da ya faru suke ƙirgawa. Yau Baba zai ce sun iso Ubayyid suka hau jirgin ƙasa shekarar da Ingilishi suka tafi, gobe ya ce damina biyu kafin nan. Ni da na yi boko sai in tsoma baki: "Baba, ai a 1956 aka samu 'yanci, in haka ne lissafin shekarunka bai fita ba." Sai ya dube ni ya ce, "To, kai ka sani," ya ɗauki carbinsa. Shi ke nan an rufe hirar. Me na ƙaru da shi? Ku bar tsoho ya kai ƙarshen zancensa. In ruwaya biyu ta saɓa, ku rubuta duka biyun, daga baya ku auna su da shekarun da kowa ya sani, kamar farin 1984 ko ambaliyar Hartum ta 1988. Shekara ana iya gano ta ko bayan ransa, sunan mutum da na ƙauye kuwa in suka tafi da shi sun tafi.

Kada kuma ku ce masa, "Ai ka ba mu wannan." Na faɗi haka ba sau ɗaya ba. Labarin da tsoho yake maimaitawa ba ya fitowa iri ɗaya, kowane zagaye akwai abin da yake ƙaruwa. A cikin irin wannan maimaicin ne ya taɓa ambata cewa sun baro ƙanwarsa a wurin goggonsu, don ta yi ƙanƙanta da tafiyar, da alkawarin za a dawo bayan hajji. Ba a koma ba. Yau da waya da Facebook da WhatsApp, mutanenmu da dama sun gano danginsu na Kano da Katsina da Sakkwato, har ana ziyartar juna ana ƙulla aure. Mu ba mu da ta inda za mu fara. Sunanta kawai muka riƙe, sunan da mata da yawa a ƙasar Haɗeja ke amsawa. Sunan ƙauyen, da na goggon, da na mai unguwar, duk Baba ya san su, kuma tabbas ya faɗe su a gabana ina danna waya.

Sai maganar harshe. Yana yi mini Hausa ina mayar masa da Larabci. Da yawa cikin tsarana haka muka taso, muna ɓoye harshen a makaranta da ofis saboda gori da tambayoyin takardar jinsiyya, wato ta shaidar zama ɗan ƙasa. Baba ya iya Larabci sarai, amma a cikinsa mutum ne mai gajeriyar magana, ya ba da umarni ya yi shiru. Da Hausa yake barkwanci, da ita yake kawo karin magana, da ita yake kwaikwayon muryar madugun ayarinsu har tsofaffi su riƙe ciki don dariya. Ko Hausarku ta karye, ku amsa da ita. Za su yi muku dariya, su gyara muku, daga nan hira ta ɗore.

Na san wani zai ce akwai kunya, musamman in kai ne ɗan fari. Gaskiya ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka, kuma ba na ganin laifin wannan tarbiyya. Laifina shi ne da na fake da ita. Al'adar da ta sa kunya tsakanin uba da ɗan fari ita ce ta buɗe wasa tsakanin kaka da jika. Ku tura 'ya'yanku wurin kakanninsu, ku koya musu abin da za su tambaya, ku zauna daga gefe kuna ji. Ku bi ta wurin auta, ko goggo, ko amininsa. Shi kansa tsohon, in kuna tafiya a mota ko kuna gyaran wani abu tare, ba ido cikin ido ba, yakan saki jiki.

Da Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a watan Disamba na 2023, muka gudo Gadarif muka cunkushe a gidan dangi. Hotunan Baba da takardunsa na hajji duk a can muka baro su. Na ƙudura cewa ba zan bari Inna ta tafi da nata labarin ba, sai na sake yin wani kuskuren. Na ajiye waya a gabanta, na jero tambayoyi a takarda. Ta ja tobinta ta rufe baki, ta ce, "Me zan ce? Mu dai sai godiyar Allah." Ba ta ƙara ba.

Matata ce ta gane hanyar. Ta sayo gero a kasuwa ta ce, "Inna, furar nan tawa ba ta kama hannu, ki nuna mini." Inna ta sauko daga gado, ta murza garin tsakanin yatsunta ta ce bai yi laushi ba, ta sa 'yata ta sake tankaɗewa, ta ce a ƙara citta da kanumfari. Tana cura fura tana magana. Ta ba su labarin ƙuruciyarta a Mai Wurno, yadda take bin yayyenta maza bakin kogi kamun kifi a ɓoye, har ta iya iyo. Ta ce ita duk duniya ba abin da take so kamar ƙamshin sandal a kan garwashi bayan la'asar, kuma humrar kasuwa ba ta yi mata, sai wadda ta haɗa da hannunta. Ta ce ta so ta yi karatu mai zurfi aka yi mata aure. Duk tsawon zamana da ita ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, turaren kanti nake ta sayo mata tana karɓa tana rabar wa jikoki.

Yanzu in za a ɗauki muryarta, sai an nemi izninta, a ajiye wayar a gefe inda ba za ta tsone mata ido ba, hannunta kuma yana kan wani aiki. Da an gama nake tura wa ƙanena da ke Jidda da 'yar'uwarmu da ke Fot Sudan, domin yaƙi ya koya mana cewa abin da ke cikin waya ɗaya ko akwati ɗaya, dare ɗaya ya ishe shi ɓacewa. Sunayen mutane da na garuruwa kuwa a littafi nake rubuta su, in karanta mata ta gyara.

Ba duk abin da aka faɗa muku ne na yaɗawa ba. Tsoho in ya sake da kai, zai fito da abin da ya danne shekara da shekaru: zaman kishi, ɗan da ya mutu a goye, wulaƙancin da ya sha a hannun wani wanda jikokinsa maƙwabtanku ne yau. In ya yi shiru a tsakiyar irin wannan, kada ku matsa, zai dawo kansa wata rana ko kuma ya bar shi. Akwai daren da Inna ta yi wata doguwar magana a kan shekarunta na farko a gidan aure, wayar tana ɗauka. Da gari ya waye ta aiko jikarta ta kira ni, ta ce, "Wancan na jiya, kai kaɗai na gaya wa." A gabanta na goge shi, ban tura wa kowa ba.