Asabar: buta, dutsen guga da inbata

Tun kafin a idar da sallar asuba wayar ta fara. Ni ke kula da gidan da muke ba baƙi hayar filat na 'yan kwanaki. Alhajin da ya sauka a filat na sama da iyalinsa ne, sun zo Abuja ɗaurin aure daga Kano.

"Malam, gidan nan naku ba wuta. Hajiya na guga komai ya mutu."

"Ranka ya daɗe, ban da dutsen guga me aka kunna?"

"Ba komai. Butar shayi ce kawai, sai AC na ɗakin yara."

Wannan "kawai" ɗin ce ta tsaya mini a rai har yanzu. An ɗauke wuta tun cikin dare, gidan yana kan inbata, na'urar da ke ba da wuta daga batura. Mai 5kVA ce, wato abin da za ta iya ɗauka bai wuce wat 4,000 ba. Butar lantarki ita kaɗai tana jan wajen 2,000, dutsen guga ya haura 1,000, AC mai ƙarfin doki ɗaya da rabi shi ma wajen 1,100, ga firji da fankoki. Dole ta yanke don kare kanta, ba lalacewa ta yi ba. Na ce a zare butar da dutsen gugar, Baba maigadi ya hau ya kashe inbatar ya sake kunnawa, wuta ta dawo. Shayi kuwa a ɗora a kan gas.

Alhajin ya ce, "A otal ba wanda ke gaya mini abin da zan kunna." Gaskiyarsa. Otal yana da ƙaton janareta, kuma kuɗin dizal na cikin kuɗin ɗaki. Nan kuwa mutum takwas ne a ɗakuna uku da falo da kicin, Hajiya ta dafa abin da yara suka saba ci, a kuɗin da ba zai kama musu ɗakuna uku a otal mai kyau ba. Amma baturan inbatar huɗu ne, kowane 200Ah, kuma rabin cajinsu ake taɓawa in ana so su yi ƙarko. AC ɗaya zai shanye wannan rabin cikin kamar awa huɗu. Shi ya sa baƙo in ya iso, kafin a miƙa masa makulli ake zagayawa da shi: ga fitilar da ke nuna an koma kan batir, ga soket ɗin da ba a sa abu mai zafi, ga makunnin hitar wanka. Su da tsakar dare suka iso, a gajiye, ba wanda ya saurara.

Sauran yinin, aikin kullum. Baƙin filat na ƙasa sun fita sha biyu, mai shara ta canza zannuwan gado da tawul kafin biyu. Tukunyar gas mai kilo 12.5 ta yi sauƙi a hannu, an kai ɗuri. Cokula biyu babu.

Da la'asar na duba mita, raina ya ɓaci. Sun tafi wajen biki sun bar AC uku suna aiki, tagar falo a buɗe. Tun da aka kai kuɗin wutar layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, sama da naira 200 kowane yunit a Afrilun 2024, yini ɗaya irin wannan yana cinye ribar kwanan. In ka cire a kuɗin ajiyar da baƙo ya bari a ce ka yi rowa, in ka yi shiru ka biya daga aljihunka. A ganin Yaya, a sa makunnin kati irin na otal, wanda in an zare katin wuta ta ɗauke. Sai dai a raba layin firji tukuna, in ba haka ba naman mutane ya lalace. Mai gyaran wuta zai zo Litinin ya faɗi kuɗin aikin.