Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har na kare kundina

Alhamdulillahi, ranar Larabar da ta wuce na kare kundin digirina na biyu a fannin kemistiri, malamai kuma sun amince da shi bayan 'yan gyare-gyare. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zo nan.

Da yawa kun sha tambayata wai me nake jiƙawa ne shekara biyu. Rezin ne, wasu 'yan ƙwayoyin roba da ba su kai ƙwayar gero ba. Da polistirin ake yin su, amma an ɗaure zaruruwan cikinsu da juna da wani sinadari, dibinilbenzin, kamar yadda ake ƙulla koma. Saboda ɗaurin nan ba sa narkewa, sai dai su sha ruwan sinadari su kumbura. In ɗaurin kashi 1 ko 2 ne cikin ɗari, kumburin yana da yawa. Rezin ɗin tace ruwa da ake sayarwa yawanci kashi 8 ne, ba ya buɗewa sosai amma ya fi ƙarko. Kuma suna da zaɓe. Zuba musu ruwa ko metanol, ko gezau. Zuba DCM ko toluwin, wasu ruwayen sinadarai masu narkar da abubuwa, kan ka farga sun haura a silindar awo. A kan irin wannan rezin Bruce Merrifield ya harhaɗa feftayid, wato gajeren zaren furotin, a 1963, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1984. Ni dai burina bai kai can ba: so nake in kama kuromiyam, wani ƙarfe da ake jima da shi, daga ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima irin na Challawa da Sharaɗa.

Godiyata ta farko ga Malamina mai duba aikin. Shi ya hana ni gaggawa wajen sa wa rezin asid ɗin da zai sa ya iya kama kuromiyam. Ya ce, "Kai, asid ba ya shiga gidan da ba a buɗe masa ƙofa ba." Sai ƙwayar ta kumbura tukuna asid ɗin salfa yake ratsa cikinta, in ba haka ba bayanta kawai zai lasa. Bayan nan sai ta sauya hali, ruwan da take ƙi a da ya zama shi take sha.

Anan na yi ɓarnar da har yau nake jin kunyarta. Na ɗura busasshen rezin a bututun gilashi, na danna, na kwarara ruwa. Ban kai ga rufe kwalba ba na ji ƙas! Gilashin ya tsage daga ƙasa, aikin mako uku ya watse a kan teburi kamar ƙwan kifi. Baba mai kula da ɗakin gwaji bai ɗaga murya ba. Tsintsiya ya miƙo mini, ya ce, "Yaro, ko wake ai sai an bar masa wuri a kwano in za a jiƙa." Ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake jiƙa shi a kofin gilashi ya gama kumburinsa, sannan a zuba shi da ruwansa. Baba, Allah ya saka da Aljanna, ya raya zuri'a.

Abokan karatuna biyu sun yi ta rako ni bayan sallar Asuba a watan Afrilu. DCM yana tafasa ne a wajen digiri 40, zafin Kano kuwa kun san shi, da rana kafin ka karanta awo rabinsa ya bi iska. Ku yafe mini barcin da na hana ku.

Yayana ya biya kuɗin sinadarai sau biyu bai taɓa tambayar lissafi ba. Maiɗakina ta jure warin toluwin a riguna da dawowar dare.

Sai Umma. Ranar da na yi mata bayanin aikin, ta saurara tsaf, ta ce, "Wato garin kwaki kake jiƙawa a jami'a?" Na ce kusan haka ne, Umma, sai dai wannan ba a sha. Da misalinta na buɗe jawabina ranar Laraba, har baƙon malamin da ya zo jarrabawa ya yi dariya. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Baba, na samo madadin gilashin nan a Sabon Gari. Ina tafe da shi ranar Litinin in sha Allahu.