Kafin ka hau keken tsere a titunan Accra

Mutane da dama a Nima, Mamobi da Madina suna sayen keken tsere da niyyar rage teɓa ko saukar da hawan jini, amma kafin wata biyu sai ka tarar da keken a jingine a zaure, tayoyi sun sace, sarƙa ta yi tsatsa. In ka tambaya, amsar ba ta wuce uku: gwiwa na ciwo, mazaunai na ciwo, ko gajiya ta ƙi saki. Duka ukun suna da dalili sananne, kuma babu wanda tsadar keke ke magancewa. Keken ne bai dace da jikin mai shi ba, sirdi ba a saita shi ba, sannan an fara da gudun da jiki bai shirya masa ba.

Mu fara da saye. Yawancin kekunan tsere da ake samu a gari na hannu ne, waɗanda ake shigowa da su daga Turai, Amurka ko Japan. Babu laifi a cikinsu, wasu ma sun fi sababbi masu araha nesa ba kusa ba. Amma tambayar farko ita ce girman firam, wato gangar jikin keken, kafin kamfani, kafin launi. A ƙiyasi, mai tsawon santimita 165 zuwa 172 yana buƙatar firam mai lamba 52, mai 172 zuwa 178 ya nemi 54, mai 178 zuwa 185 kuma 56. Kamfanoni suna ɗan bambanta, don haka hau ka gwada. Ka tsaya da firam tsakanin ƙafafunka, ya kasance akwai sarari kamar yatsa biyu tsakaninka da sandar sama. Ka zauna ka kama birki, gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwasa. In sai ka miƙe hannu gaba ɗaya kafin ka kai, keken ya yi maka girma, kuma wuyanka da bayanka ne za su biya. Ko mai sayarwa ya ce za ka saba, kar ka saya. Keken da ya ɗan yi ƙanƙanta ana iya gyara shi, wanda ya yi girma ba shi da magani.

A keken hannu, firam na alminiyom ko na ƙarfe ya fi kwanciyar hankali. Na kabon yana da sauƙin nauyi, sai dai yana iya tsagewa ta ciki ba tare da ido ya gani ba, kuma ba ka san faɗuwa nawa ya sha kafin ya shigo kwantena ba. Duba wuraren walda, musamman ƙarƙashin wuyan keke da inda feda ke juyawa, ko akwai tsaga ko fenti da ya tattare. Ɗaga ƙafar gaba ka juya ta, ka zuba ido tsakanin rim da robar birki: in tana lilo hagu da dama, ta karkace. Shafa gefen rim da yatsa, in ya yi kwarmi birki ya cinye shi, kuma wata rana zai iya fashewa. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas boris ɗin wuya ya saki. Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa: sa a kwance sandar sirdi a gabanka, ka ga tana hawa tana sauka. Iskar bakin teku tana sa ta manne da firam, kuma keken da sirdinsa ba ya motsi ba zai taɓa zama daidai da kai ba.

Ga wani abu mai hatsari da ya shafi kekunan hannu musamman. Waɗanda suka fito daga Amurka da yawancin ƙasashen Turai, hannun hagu ne birkin gaba. Na Ingila da Japan kuwa hannun dama ne. Ka tabbatar da naka tun kafin ka fita titi, domin wanda ya damƙi birkin gaba da ƙarfi yana zaton na baya ne, ta saman keken zai wuntsila.

Giya ma a duba. Tsofaffin kekunan gasa suna zuwa da faifan gaba mai haƙora 53 da 39, na baya kuma mafi girmansa 23 ko 25. Wannan na ƙwararru ne. Mai farawa ya nemi 50 da 34 a gaba, da 11 zuwa 32 a baya, shi ne zai ba ka damar hawa tudu kana zaune ba tare da ka murƙushe gwiwa ba. Kayan giya da birki na kamfanin Shimano samfurin Claris, Sora ko Tiagra sun isa sosai, kuma sarƙarsu da robar birkinsu sun fi sauƙin samu.

Sirdi shi ne inda ya kamata ka ɓata lokaci. Tsaya ba takalmi ka jingina da bango, ka sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka ka ɗaga shi sama sosai, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Ninka abin da aka samu da 0.883. In an samu santimita 82, amsar ta kama kusan 72.4, kuma wannan ne tazarar daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Hanya ta biyu ta tabbatarwa: zauna ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, wanda a nan ne ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa yadda ake so. Masu farawa kusan kullum sirdinsu ƙasa yake, saboda suna son ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune. A keken tsere ba haka ake yi ba, sauka ake daga sirdi in za a tsaya. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alamar sirdi ya yi ƙasa ne, ciwo a bayan gwiwa kuma ya yi sama. Gyara da milimita 3 zuwa 5 a lokaci guda, ka hau sau biyu kafin ka sake taɓawa. Saman sirdi ya kwanta daidai. In hancinsa ya kalli sama gabanka zai riƙa mutuwa, in ya kalli ƙasa za ka riƙa zamewa, nauyi ya koma kan hannuwa, yatsu su yi sanyi. Kuma kar ka je neman sirdi mai faɗi mai laushi: bayan rabin awa soso yana nutsewa ya danne naman da bai kamata ba, faɗin kuma ya goge cinya.

Maganin mazaunai shi ne wandon keke mai soso a ciki, wanda ake sawa ba tare da kamfai ba, domin ɗinkin kamfai ne ke haddasa gogewa da ƙuraje. A wanke shi bayan kowace fita. Wanda matsewarsa ta dame shi, kuma da yawanmu haka ne, sai ya ɗora gajeren wando mai wuce gwiwa ko wandon motsa jiki a kai, ya ɗaure ƙafar dama kada sarƙa ta kama. 'Yan'uwa mata ma haka, tare da hijabi ƙarami mai shiga ƙarƙashin hular kwano, ba mai dogon baki da iska za ta kai cikin ƙafar keke ba. Hular kwano kuwa a saye ta sabuwa. Wadda ta taɓa buguwa ta gama aiki ko da ba ta nuna ba. Ta zauna yatsa biyu sama da gira, igiya a ɗaure. Takalmin da ke maƙalewa a feda zai iya jira, ka fara da feda ta yau da kullum har ka iya tsayawar gaggawa.

Ga titunanmu, taya mai faɗin milimita 28, ko 32 in firam ya ɗauka, ta fi siririya ta 23 ko 25. Mai nauyin kilo 70 a kan taya 28 ya sa iska wajen psi 70 (psi shi ne ma'aunin iska a agogon famfo), mai nauyi ya ƙara, amma kada a wuce abin da aka rubuta a gefen tayar. Iska in ta yi kaɗan, ka faɗa rami, rim zai cije tif ya bar huji biyu a jere. In ta yi yawa keken zai riƙa tsalle, riƙon ƙasa ya ragu. Bawul ɗin keken tsere siriri ne, injin mai faci na bakin titi ba ya shiga sai da ɗan mahaɗi, don haka ka mallaki famfo mai agogo a gida, ka duba iska duk kwana biyu ko uku. A jakar ƙarƙashin sirdi a samu tif guda, abin ɓamɓare taya biyu, faci da sholisho, ƙaramin famfo, da makullan alanki na 4, 5 da 6. In ka yi faci, shafa cikin tayar da yatsa a hankali kafin ka sa sabon tif, in ba haka ba kwalbar ko wayar da ta huda na farko tana nan tana jiran na biyu.

Horo kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, to nan aka dosa, ba rana ɗaya ba. Mako biyu na farko, fita uku, minti 30 kowace, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da hutun kwana tsakani. Ma'aunin ƙarfi shi ne magana: in za ka iya yi wa abokin tafiya cikakkiyar jimla ba ka haki ba, kana daidai. Zai yi maka kamar wasa, amma a wannan saurin ne zuciya da jijiyoyi ke ginuwa. Daga nan ƙara minti 10 a fitar ƙarshen mako kowane sati, a sati na huɗu kuma ka rage, jiki ya murmure. Feda ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti. Ƙirga sau nawa gwiwar dama ta hau a daƙiƙa 15, a samu 20 zuwa 22. Tura giya mai nauyi a hankali shi ne babban mai lalata gwiwar sabon mahayi. Bayan wata biyu, in kana iya yin minti 90 lafiya, sa rana ɗaya a mako ta wahala: ɗumama jiki minti 15, sai minti 4 da ƙarfi, minti 3 a hankali, sau huɗu. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini ko ciwon suga, ya ga likita tukuna. Ciwon ƙirji ko jiri in ya zo, a sauka nan take, lambar gaggawa 112 ce.

Lokacin fita a Accra shi ne bayan sallar Asuba, da fitila fara a gaba da ja a baya, a dawo kafin ƙarfe 9, domin zafi da gumi na garin nan ba sa ragawa kowa. Sha ruwa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a awa, wato ledar ruwa ɗaya ko ɗaya da rabi, kaɗan-kaɗan. In tafiya ta wuce awa ɗaya da rabi, zuba garin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, a gora ɗaya, ka riƙa cin ayaba ko dabino uku-huɗu duk minti 40 tun yunwa ba ta zo ba. Koko da burodi sun isa kafin fita, ƙosai da waakye su jira ka dawo. A watan azumi, rage zuwa minti 30 ko 40 marasa wahala dab da magariba, ko ka bari sai bayan an sha ruwa.

Titunan cikin jami'ar Legon wuri ne mai kyau na koyon canza giya da birki. Babbar hanyar Tema da N1 ba na mai keke ba ne. A sauran tituna, bi hannun dama tare da motoci, ka bar tazarar mita ɗaya tsakaninka da kwata da kuma motocin da ke ajiye, saboda ƙofa. Trotro tana iya tsayawa duk inda yaron mota ya hango fasinja, don haka kada ka manne a bayanta, kada kuma ka kutsa tsakaninta da gefen titi. Haka babbar mota: in ta karya dama kana gefenta, direba ba ya ganinka. Yashin da ruwan sama ke tarawa a gefen kwalta, a miƙe ake ratsa shi, ba birki ba lanƙwasa.

Kowa burinsa Aburi, ta Adenta da Oyarifa zuwa Ayi Mensah, sannan hawan da ke kaiwa Peduase. Bari sai wata na uku. Shiga giya mafi sauƙi tun daga gindin dutsen, ka zauna, ka ajiye ƙarfi don rabi na biyu. Saukowa ta fi hawan hatsari, musamman safiyar Asabar da masu tattaki ke cika gefen hanya. Riƙe ƙasan kan keke inda yatsu suka fi kama birki, ja ƙugu baya, rage gudu kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. Matse birki biyu ka saki, ka sake matsewa. Riƙe shi ba saki yana zafafa rim. In an yi ruwa, birkin roba ba ya kamawa sai taya ta juya sau ɗaya ko biyu ta share ruwan, don haka fara da wuri.

Sarƙa tana son ɗigon man keke a kowace gaɓa, a bari ya shiga, sannan a goge waje da tsumma har ya bushe. Baƙin mai ba ya yi, ƙura yake kwasa ya zama kamar yashi mai cin haƙoran giya, balle lokacin hunturu. Auna ta duk wata: daga fil ɗaya zuwa na 20 a gabansa, sabuwa santimita 25.4 ce. In ta kai 25.5 nemi wata, in ta kai 25.6 canza a ranar, domin sarƙar da ta miƙe tana cinye faifan baya, kuma kuɗinsa ya fi nata.